Hoton Kandi Na Bana: Wa Za A Bari A Waje?

Wannan makon mu 'yan JSS 2 na ƙungiyar 'yan jarida aka bar wa allo, kuma mun san takardunmu sun yi yawa har sun kusa rufe jadawalin shara. A yi mana haƙuri, maganar ce da tsawo. Wadda ƙafarta ta gaji ta karanta rabi lokacin tara, ta dawo ta ƙarasa in an tashi.

Maganar hoton kandi ce. Tun da aka shiga zangon nan na biyu ba a wata hira a bakin famfo sai ita. Wace kalar atamfa za a fitar anko, wane tela ne ba ya saɓa alkawari, wa za ta yi lalle, wa za ta yi kwalliya. Wasu sun ce a ɗauki shatar mota a tafi Kano, a bi ta Bunkure a fita Karfi, a je Zoo Road inda manyan situdiyo suke. Wasu sun ce a'a, a ɗauko mai hoton daga Kano ya zo da labulensa mai furanni. Har an sayi littafi an ja layi a tsakiya, gefe ɗaya sunayen waɗanda suka fara biya, ɗaya gefen waɗanda ba su ba da komai ba. Kada a tambaye mu yadda aka yi muka gani. Mu ake aika da littafin daga wannan aji zuwa wancan, kuma mun iya karatu.

Mun san za a ce ina ruwan 'yan JSS da abin da ya shafi manya. Da ruwanmu. Yawancinmu muna da yayye a SS 3, tukunya ɗaya muke ci da su, in an ɗebi kuɗi a gida don hoto mu ma muna ji a kwanonmu. Sannan duk abin da aka yi bana shi za a ce al'ada ce baɗi, kafin ya zo kanmu nan da shekara huɗu ya ninka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga ra'ayinmu tun da wuri, don kada a ce mun yi ta kewaye-kewaye. A yi hoto ɗaya na aji, a cikin makarantar nan, kowa da yunifom ɗinta, kafin a fara jarrabawa. A wanke shi a takarda, a rubuta sunan kowa. Wadda ta biya ta shiga, wadda ba ta biya ba ita ma ta shiga.

Abin da ya sa muka ce haka shi ne abin da muka gani bara. Ɗaya daga cikinmu yayarta tana cikin waɗanda suka fita. Babansu manomi ne. Kuɗin anko ya faɗo daidai lokacin da yake neman na taki, ya ce shi kam ba shi da shi. Yayar ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai, ba ta yi wa kowa magana. Ƙarshenta Innarsu ce ta sa aka kai akuyarta kasuwa, akuyar da take cewa in ta haihu za a fara tarin kayan ɗaki da ita. Aka yi anko, aka yi lalle, aka sha kwalliya, aka yi hoto ya fi ɗari. Duk a wayar wata ƙawarta aka tara su, aka ce in an samu data za a tura wa kowa nata. Ba a yi wata biyu ba aka sace wayar a gidan biki. Yau in kika je gidan babu hoton kandi ko ɗaya, babu akuya, atamfar kuma ta koɗe tana kan igiya.

Wannan ma da sauƙi. Akwai wata yayar da ba za mu manta ba. Duk makarantar nan an san ta, domin ita ce take zama da 'yan ajinsu a gindin darbejiya tana maimaita musu lissafi in malami ya fita. Mu ma ta taɓa koya mana raba lamba mai ɗigo ranar da aka tsare mu shara. Ranar hoto ba ta zo ba. Aka ce zazzaɓi take yi. Da yamma wasu daga cikinmu suka gan ta a layin burtsatse da bokiti biyu, lafiyarta ƙalau. Da ta gan mu sai ta juya kai, mu ma muka yi kamar ba mu gan ta ba. Ba ta da kuɗin anko ne, kuma ba ta so ta tsaya da yunifom a tsakiyar masu leshi da atamfa. Shekara shida tana zuwa makarantar nan a ƙafa, rana da damina da hunturu, amma duk wanda ya kalli hotunan ajinsu zai rantse ba a taɓa yin ta ba.

A duba lissafin da kyau, don anko shi kaɗai ba ya tafiya. In an yanko atamfa a Kantin Kwari sai ɗinki. In an ɗinka sai mayafin da zai shiga da ita, sai takalmi, sai jaka. Ga lalle, ga kwalliya, ga kuɗin mota, ga na mai hoto, ga abin da za a ci a hanya. Kowa ta san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuma duk wannan yana zuwa ne a Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, an yi shuka, ana noman farko, kowane uba hankalinsa yana kan taki da kuɗin 'yan ƙwadago. Mu a nan Rano da Kibiya yawancin iyayenmu ba albashi suke jira a ƙarshen wata ba, kaka suke jira. Yarinyar da ke zuwa daga Saji ko Zurgu ko Rurum, ko wadda iyayenta ke can Tarai tana zaune wajen gwaggonta a cikin gari don karatu, in aka ce mata ta kawo kuɗin nan a watan Yuni, an san abin da aka ce mata. An ce ta zauna a gida ke nan, sai dai ba a faɗa da baki ba.

Sai maganar lokaci, wadda mu a ganinmu ta fi ta kuɗi ma muhimmanci, amma ba mu ji kowa yana yin ta ba. An saba sai ranar da aka gama takarda ta ƙarshe ake hoto. To ai ba rana ɗaya kowa yake gamawa ba. Duk wadda ta taɓa duba jadawalin WAEC ko na NECO ta san 'yan kimiyya da 'yan adabi ba tare suke ajiye biro ba. Wata ta gama tun makon jiya ta koma ƙauye tana taya aikin gona, wata an sa ranarta ana ta shirin biki. In aka kira su ranar hoto, rabi ne za su zo.

Bayan su kuma akwai waɗanda ba za su zauna jarrabawar ba gaba ɗaya. A jihar Kano ana yin jarrabawar kwalifayin a SS 2, wadda ta ci gwamnati ta biya mata kuɗin NECO, wadda ba ta ci ba sai iyayenta sun biya. Kowa ta san ba duk iyaye ne ke iyawa ba. Waɗannan yayyen namu suna zuwa aji har ƙarshen zangon nan, tare ake ba su darasi, tare ake yi musu bulalar makara. Ranar da aka fara jarrabawa sai a daina ganinsu. In aka bari sai an gama jarrabawa sannan a yi hoto, an cire su ke nan ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Su kuwa sun fi kowa buƙatar hoton nan. Wadda ta zauna jarrabawa za ta samu takardar shaida mai ɗauke da sunanta da ɗan fasfo ɗinta. Wadda ba ta zauna ba, in babu hoton aji, me za ta nuna wa 'ya'yanta ta ce ga shi na yi sakandare har aji shida? Shi ya sa muka ce a yi shi a makon ƙarshe na zangon nan, kafin a tafi hutu, lokacin da rajistar aji take cike.

Mun ji wata yaya tana cewa ita ba za ta yi hoton tarihi da yunifom ɗin da ya koɗe ba, hijabin ma duk tabon biro. Yaya, ki yi haƙuri, ai tarihin ke nan. Da wannan hijabin aka san ki. Bara da aka kawo wa wata uwa hoton 'yarta a waya, sai da ta kai wayar bakin ƙofa wajen haske tana juyawa, sannan ta ce wace ce wannan. An shafa hoda kala uku, an zana gira, an ƙara gashin ido, sannan wayar ma ta ƙara nata farin. Yarinya baƙa kyakkyawa shekara goma sha takwas, rana ɗaya ta koma kamar 'yar fim ɗin Indiya. Mun yi dariya da aka ba mu labari, amma a yi tunani: in uwar da ta haife ki ba ta gane ki a hoto ba, ƙawarki ta benci za ta gane ki bayan shekara ashirin? Yunifom kuma yana da wani amfani da duk muka sani. Ranar Litinin a filin taro ba a gane 'yar mai shago da 'yar mai tallan ƙosai. Omo da dutsen guga kawai yake nema, kuma ko babu wuta akwai na gawayi.

Da muke shirya rubutun nan, malamarmu ta ƙungiya ta zo mana da hoton ajinsu na sakandare. Tsohon hoto ne tun na lokacin da ake sa fim a kyamara, gefensa har ya fara cin ruwa. Ba kwalliya, ba anko, layi huɗu ne kawai na 'yan mata da yunifom, wasu a zaune a tabarma, wasu a benci, wasu a tsaye. Da ta juya bayansa sai ga sunaye an rubuta da jan biro, layi-layi daga hagu zuwa dama. Ta rinƙa ɗora yatsa tana gaya mana: wannan ungozoma ce yanzu, wannan tana aure a Zariya, wannan ta rasu wajen haihuwa, Allah Ya jiƙanta. Ta ce 'yar marigayiyar ta taɓa zuwa har gida ta roƙi a ba ta aron hoton ta kai a sake wankewa, domin shi kaɗai ne hoton mahaifiyarta tana budurwa. Mun yi shiru. Ba wadda ta tambayi wace atamfa aka sa a shekarar.

Wannan ne ya sa muka nace a kan takarda. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, memori yana gogewa, yaro yana danna abin da bai sani ba. Kuma mu nawa ne ma muke da wayar kanmu? Takarda in aka sa ta a firem ko a ƙasan akwati sai ta fi mai ita daɗewa. Waɗanda suka je yawon buɗe ido Gidan Makama a Kano sun ga tsofaffin hotuna a bango, wasu sun girmi kakanninmu, kuma har yau ana tsayawa ana kallonsu. Malamin soshiyal ya gaya mana Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Lokacin da suke zaune a aji ba wanda ya san fuskar ɗaya za ta hau naira 200, ta ɗayan ta hau naira 5. Haka mu ma ba mu san wace ce a SS 3 ta bana za ta zama likita a asibitin Rano ko shugabar makarantar nan ba. Wataƙila ita ce wadda sunanta yake gefen waɗanda ba su biya ba. A Amurka makarantun sakandare suna buga littafi duk shekara, da hotunan ɗalibai da sunan kowa a ƙasan hotonsa. Mu ba mu ce a buga littafi ba, ba mu da kuɗinsa. Takarda ɗaya muka ce.

Yadda za a yi ba wuya. Akwai masu hoto a cikin garin Rano, su ne ma suke yi mana fasfo in za a cike fom. A kira ɗaya daga cikinsu, a yi ciniki da shi a gaban malama, kuɗin motar Kano ya huta. Mun je mun tambayi wani yadda ake hoton mutane da yawa, ya ce da safe ya fi, bayan taro, kafin rana ta take. In rana ta zo tsaka kowa sai ta runtse ido, inuwa kuma ta sauka a ƙasan ido kamar an kwana ana kuka. Ya ce kada a tsaya rabi a rana rabi a inuwa, kuma kada a tsaya a inda hasken ke ratsowa ta ganye, don fuska sai ta fito dabbare-dabbare. A jera benci: layin gaba a tabarma, na biyu a zaune, na uku a tsaye, na huɗu a kan benci, dogaye a baya. Shi kuma ya hau tebur. A rubuta sunan aji da shekara da alli a ƙaramin allo, ta tsakiya a layin gaba ta riƙe. A ɗauka sau biyar ko shida, domin a cikin mutum sittin dole a samu mai ƙifta ido da mai waiwaye. In ajin ya cika da yawa a raba shi, kowane reshe da nasa, don fuska ta fito a gane ta. Kafin a watse monita ta bi layi ta rubuta sunaye yadda aka tsaya, kada a ce sai gobe, gobe an manta.

Muna roƙon a sa malamai a ciki. Muna kuma roƙon a sa Baba mai gadi, wanda ya fi kowa sanin masu makara, da Iya mai awara da ta yi shekara shida tana ba yayyenmu bashi.

Kuɗi fa? Mu ɗauka aji mutum sittin ne. In arba'in suka ba da naira 300 kowacce, an haɗa naira 12,000. Mu ba mu yanke farashi ba, misali kawai muka yi, kwamiti ya je ya yi cinikinsa. Amma kowa ta ga bambancin wannan da kuɗin atamfa ko da turmi ɗaya. Da abin da aka tara a biya mai hoto, a wanke manya guda biyu, ɗaya a rataye a ofishin shugabar makaranta, ɗaya a laburare. Wadda take son nata ta biya kuɗin wanki kawai, ko yanzu ko bayan kaka in an sayar da amfani. Mai hoton ya bar wa makaranta kwafi a filasha don mai zuwa daga baya. Littafin nan mai layi a tsakiya kuma a daina yawo da shi aji-aji. Malama ɗaya ta riƙe, ita kaɗai ta san wadda ta bayar da wadda ba ta bayar ba.

Akwai abu ɗaya da ba ma so a yi wasa da shi. Wasu iyayen ba sa son a ɗauki 'ya'yansu hoto, wasu kuma ba hoton suke ƙi ba, yawo da shi suke tsoro. Suna da gaskiyarsu. Bara an ɗora hotunan wasu a Facebook da TikTok ba da saninsu ba, har wata ta sha faɗa a gida a kan abin da ba ita ta ɗora ba. Don haka a aika wa iyaye takarda tun kafin ranar. Wadda aka hana a gida kada a matsa mata, kada kuma a yi mata gori, a rubuta sunanta a baya tare da na kowa. A kuma yi ƙa'ida da mai hoto cewa ba zai manna hoton a ƙofar shagonsa ba, ba zai sa shi a intanet ba.

Yayyenmu za su ce sau ɗaya ake kandi a rayuwa, a bar su su ji daɗinsu. Gaskiya ne, kuma mu ma in muka ga an sha lalle ana ta murna sai mu ji ina ma mu ne. Ba mu ce a hana kowa ɗinki ba. Wadda gidansu suke da hali, bayan jarrabawa ta yi ankonta da ƙawayenta, ta je Zoo Road ta yi hoto har kyamara ta gaji. Tela da mai lalle su ma abinci suke nema. Abin da muka ƙi shi ne a kira wannan hoton aji alhali kashi ɗaya na ajin yana gida. Za kuma a ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mun yarda. Amma wanda yake ƙasa shi yake ganin wadda aka taka, kuma mu ne muka ga yayar nan a layin burtsatse.

Muna roƙon shugabar makaranta, Allah Ya ƙara girma, da ta sa rana a makon ƙarshe na zangon nan, ta kuma sa maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa. Muna roƙon shugabar ɗalibai da kwamitin kandi su zauna da malamarmu ranar Alhamis bayan tara. Mun ajiye kwali a ƙasan allon nan, duk wadda ba ta yarda da mu ba ta rubuta ta jefa, za mu manna shi mako mai zuwa ko da faɗa aka yi mana, in dai babu zagi. Ba sai an sa suna ba.

Benci kuma kada ya dami kowa. Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiya daga JSS 2, mun riga mun ƙirga, benci goma sha shida ake buƙata da tebur ɗaya da tabarma uku. A gaya mana ranar kawai, mu za mu ɗauko, mu za mu mayar.

Daga 'yan JSS 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida.